Na Kwance Igiyar Rijiyar Mahaifina

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da ruwan sha da gonakin kewayen Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro. Ƙafa ta gaji.

Na ɗaya. Rijiyar gidanmu da ke bayan Ƙofar Dumi mahaifina ne ya haƙa ta, zurfinta gaba tara. Ina yaro, Fulani kan sauka a gonakin da ke samanmu bayan girbi, kashin shanunsu ne takinmu. Yanzu lambuna ne rani da damina, ana watsa takin zamani, farin nan da muke ce wa gishiri, a bi shi da ruwan inji. Ban wanke kaina ba, ni ma na watsa. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa takin da shuka ta rage, ƙasa yake gangarawa har cikin rijiya.

Na biyu. Jikata Hauwa, wata uku, uwarta ba nono, da ruwan rijiyar ake dama mata madara. Leɓenta ya koma shuɗi, numfashi da ƙyar. Daga asibiti aka sa a auna ruwan, aka ce takin ne a ciki. Na yi gardama. Ruwa garau, ba wari, ga shi na sa an yashe rijiyar bara. Kuma kakar yarinyar kullum sai ta tafasa shi, ta bar shi ya daɗe a wuta don tsabar kulawa. Sai likita ya ce tafasawa ba ta kashe wannan, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Tun ranar tsohuwar ba ta ci abincin kirki ba.

Na uku, roƙona. A auna rijiyoyin unguwa. A nuna wa manoma iyakar takin da ƙasa ke ɗauka. A faɗi maganar tafasawar nan a rediyo, domin akwai jarirai a maƙwabta.

Hauwa ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Ni kuwa na kwance igiyar guga na ɓoye. Mahaifina ya bar mini wasiyya kada in hana kowa ruwan nan. Yanzu kullum da safe ina zaune a bakin rijiya ina mayar da mata da bokitansu wayam, suna cewa tsufa ya sa ni rowa. Ni ba sa yarda da ni. Ka zo ka gaya musu da bakinka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya shayar da jikokinka ruwa mai kyau.

Wassalam.

Baba Garba Mai Rijiya, Bauchi.