Mai Albasa Ya Fi Ni Sanin Waya

Ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya Ikko da hayaniyarta? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ka, Hadiza da yara kuma suna lafiya. Mu nan Jega sai godiya.

Tun da aka ba mu jiha kowa gini yake, kowa wayar wuta yake nema. Ka tuna Garba na Aliero, mai albasa, wanda ya gudu daga makaranta muna aji biyu? Motarsa da a da ke kai albasa Anaca ta dawo ba kaya, yanzu da waya take dawowa, mai kyau kuma mai araha.

Ni kuwa mai ilimi, Sakkwato na je na saro naɗi ashirin, na karance Turancin jikinsu tsaf. Garba ya leƙo shagona, ya ɗaga ɗaya kamar buhu, ya ce, "Malam, wagga ba ta da nauyi." Na kankare ta da wuƙa, sai ga alminiyon an shafa masa ja. Aikin sa wuta a sababbin shagunan garin Maiyama, wanda na ƙwallafa wa rai tun bara, yanzu sunan Garba ake ambata. Na yi masa murna har muƙamuƙina ya yi ciwo.

Saura mako biyu a ba da aikin. Don Allah ka shiga kasuwa ka nemo mani ɗan kasuwa mai amana, mai wayar jan ƙarfe zalla, da zan riƙa sari a wurinsa. Kada ka tsaya karanta takarda, ka ɗaga ka ji.

Ka gai da Kawu Sani da maƙwabta. Ka sa ni a addu'a, Allah ya fitar mani da Garba daga zuciya, in hakan ya yi wuya, daga Maiyama.

Yayanka,
Usman