Masauki Mai Rufin Kwano

Mairuwa,
2 ga Yuni, 1976

Zuwa ga ɗiyata Suwaibatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da babanki Malam Rabo da innarki da duk mutanen Mabai. Yaya damina? Mu nan ruwa ya zauna, an gama shuka.

Bayan haka, ga wani ɗan littafi mai hotuna na ba Mati direba ya kawo maki. Kamfanin da kawunki ke sarin kwanon rufi wurinsu sun ce cikin dilolinsu na Funtua, shi da Alhaji Gide suka fi kowa ciniki bara. Don haka za su kai su hutu wani tsibiri can tsakiyar teku, kowa da matarsa, kwana goma. Ni dai ban san hutun me mutum zai yi ba alhali ba noma yake ba. Amma an ce jirgin sama, an ce kyauta.

Cikin littafin akwai masauki huɗu, an ce kowa ya zaɓi ɗaya a mayar da amsa Kaduna. Duk Turanci ne. Ni yaƙi da jahilci na yi, Hausa kaɗai nake haɗawa, kawunki kuwa ajami ne nashi. Ya rantse ba zai kai wa akawunsa ba, wai kada a raina shi a shago. Ya ce ai ga Suwaiba, shekara bakwai tana cin Turanci.

Ki duba da kyau ki zaɓa mana wanda ya fi daraja. Kada ki nuna wa kowa. Kuma in gaya maki, takardar nan taki ta shiga kwalejin 'yan mata tana aljihun kawunki. Babanki ya ce abin da kawunki ya yanke shi ke nan. Shi kuma ya ce sai ya ga amfanin bokon nan kafin ya sa hannu. Kin dai ji.

Ki gaida kowa.
Ni ce taki,
Hajiya Lauratu


Mabai,
5 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Hajiya,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kina lafiya, da Kawu Alhaji da yara. Baba da Inna suna gaishe ku. Saƙo ya iso, na gode da aka tuna da ni.

Na duba littafin a bayan rumbu, ba wanda ya gani. Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan rubuta, wasu abubuwan ba su kamata a faɗa wa babba ba.

Masauki na farko, wanda suka ba shafi biyu, wallahi bukkoki ne. Jinka ce kamar ta rumbunmu, ba katanga, ba zaure, ƙofa wangale tana kallon ruwa. A Mabai ma bana gida shida suka sauke jinka suka sa kwano, kuma a shagon Kawu aka saya. Yaya mai sayar da kwano zai hau jirgin sama ya je ya kwana a bukka? Sannan mutanen da ke gaban bukkokin, maza da mata, wasu har da furfura, suna kwance kan yashi da ɗan ƙyalle wanda bai kai tafin hannu ba, an shanya su a rana kamar barkono. Na liƙa takarda da ƙaro a kan wurin don kada Kawu ya gani. Don Allah kada a ɓamɓare.

Na biyu farin gini ne, da farko ya burge ni. Amma a tsakar gidan akwai tafki na siminti, kowa ya tsunduma ciki, ruwa ɗaya kuma ba ya gudu. Da na duba hoton ɗakin sai na ga wata ƙofa a buɗe, ashe masai ne. A cikin ɗakin kwana, Hajiya, taku uku daga gado! Har suka ɗauke shi hoto don alfahari. A ƙasa kuma ga faranti da wata halitta ja mai ƙafafu da gashin baki, kamar kunama ta shekara ɗari, an kwantar da ita kan ganye da lemun tsami a gefe. Wai abinci. Ranar ban iya cin tuwo ba, Inna ta zaci zazzaɓi ne.

Na uku gidan katako ne a kan dutse cikin daji, biri na zaune kan teburin cin abinci, wata mata tana miƙa mashi ayaba tana dariya. Mu da muke wuni muna korarsu daga gona.

Na huɗu yana shafin ƙarshe, hotonsa ƙarami. Bene ne hawa uku, ginin siminti, rufin kwano, tagogi da ƙarfe. Yana cikin gari, ga jiragen ruwa a bayansa, kuma duk wanda ke cikin hoton da tufafinsa a jiki. Kowane masauki an zana mashi taurari: bukkokin biyar, farin ginin huɗu, na birin uku, wannan kuwa ɗaya. Ke nan shi ya zo na ɗaya, kamar yadda ake yi a aji. Ban ga mai tauraro biyu ba, halan ya cika.

Na karanta Turancin duka. Na huɗun za a zaɓa.

Allah ya kai ku lafiya ya maido ku lafiya. A gaida mani Kawu.
Ɗiyarki,
Suwaibatu Rabo


Mabai,
17 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Hajiya,

Gaisuwa da ladabi. Barka da dawowa, barka da hanya. Mati ya wuce ta nan ran kasuwa ya ce yau kwananku biyar da sauka. Na tambaye shi ko an ba shi saƙo, ya ce a'a, sai ya yi dariya ya tada mota. Ban san dalilin dariyar ba.

Ba don in dame ku ba, amma hedimasta ya ce takardar kwalejin in ba ta koma ba kafin ƙarshen watan nan, za a ba wata gurbin. Sau biyu yana aikowa.

Ina fata masaukin ya yi.
Ɗiyarki,
Suwaibatu


Mairuwa,
20 ga Yuli, 1976

Suwaiba,

Lafiya lau muke, alhamdu lillahi, tunda mun dawo da rai. Kin tambaya ko masauki ya yi. Zauna ki ji.

Tun a filin jirgi na san akwai magana. Aka zo da wata doguwar mota aka kwashi su Alhaji Gide da matarsa Hajiya Bilki. Mu kuwa mutumin da ya zo tarbarmu ya duba takardarmu, ya dube mu, ya sake duba takardar, sannan ya kira mana wata akwala. Kawunki ya ce, "Kin gani? Mu namu daban ne."

Daban ne kuwa. Tun kafin mu ga benen muka ji shi a hanci. Ashe bakin kasuwar kifi yake, inda ake fede shi a zubar da hanjin cikin kwata, kwatar kuma ta bi ta ƙofar gidan. Ƙuda kamar an yi shelar biki. Kwanon da kika yaba ya yi tsatsa, da rana ɗakin tanda, in an yi ruwa mu tara kwanonin cin abinci a kan gado. Gadon kuwa kada ki tambaya. Na ɗaga zanen na ga gashin wani ƙato, na ɗaga katifar na ga kuɗin cizo jere kamar masu jiran mota. Ƙasan benen mashaya ce ta matuƙan jirgin ruwa. Kina ƙyamar masai cikin ɗaki? Mu guda ɗaya ne na hawa ɗungurungum, mu da ƙarti goma sha wani abu, ba buta, ba murfi. Rana ta biyu na shiga wanka na tarar da ƙaguwa cikin bokiti tana ɗaga mani hannu.

Mai gidan wata mata ce mai shan taba. Na shanya zanena na Makka a igiya, na dawo na iske ta rataye wani abu mai hannuwa takwas kusa da shi, yana ɗiga. Ta nuna mani da hannu wai shi za a dafa mana. Kwana goma burodi da ruwan zafi muka ci, sai ƙuli-ƙulin da Allah ya sa na ƙulla a jaka.

Duk wannan da sauƙi. Ran kwana na huɗu sai ga Alhaji Gide ya zo nemanmu, ya toshe hanci da hannun riga. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce, "Alhaji Barau, ashe son kwano har nan? Hutu ka zo ko duba kaya?" Ya matsa sai mun je mun ga nasu. Bukkokin nan ne. Suwaiba, jinkar a waje kawai take. Ciki sanyi kamar randa, farin gado, ƙamshi, ga mai hidima tsaye. Masu tsiraicin dai suna nan yadda kika faɗa, na tofar da yawu ya fi sau goma, amma tsiraici ba ya cizo. Hajiya Bilki ta riƙe mani hannu ta ce, "Wayyo Hajiya, me ya fito maki a wuya haka?" Tana sane sarai.

Alhaji Gide ya ce bari ya sa a maido mu nan. Kin san kawunki. Ya gyara hula ya ce, "Ni na zaɓa da kaina. Ɗan kasuwa ba ya nisa da kasuwa." Saboda wannan magana muka ƙara kwana shida cikin ƙarnin nan. Yanzu a Funtua har masu dako na ce mashi Alhaji Mai Kifi. Tufafinmu wanki uku, har yau in na buɗe akwati sai kyanwa ta zo.

Ga abin da ya fi ci mashi rai. Alhaji Gide ya sa tafintan kamfani ya karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton masaukinmu a gabanmu. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa masaukin matuƙan jirgi ne da masu ƙaramin ƙarfi, a bakin kasuwar kifi. Ba su ɓoye komai ba. Ke kuma kin ce kin karanta duka.

Takardarki tana nan, bai yage ba, bai sa hannu ba. Na yi maganar sau ɗaya ya tashi ya bar mani tuwo. In kina da abin faɗi, ki faɗa da wuri.

Hajiya Lauratu


Mabai,
23 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Kawu Alhaji, ta hannun Hajiya,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Allah ya ƙara girma. Hajiya, don Allah ki karanta mashi yadda na rubuta, kada ki gyara.

Kawu, ƙarya na yi. Ban karanta duka ba. Na zauna da littafin wuni biyu, a kowane layi ina gane kalma biyu ko uku, irin su ɗaki da gado da ruwa, sauran kuwa ban taɓa gamuwa da su ba. Turancinmu na aji bakwai bai wuce irin su "Audu ya tafi kasuwa" ba. Taurarin ma zato na yi. Da hoto na zaɓa, yadda Inna ma za ta iya, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Na yi tunanin kai wa hedimasta, amma an ce kada in nuna wa kowa. Abin da ya kamata shi ne in rubuto in ce ban gane ba. Na ɗauki alƙalami sau uku don in rubuta haka, na kasa. Na ji tsoron a ce shekara bakwai ta tafi a banza. A aji ma haka nake, in malam ya ce kun gane, sai in ce e tare da kowa, in koma gida in yi ta juyayi.

Tun da wasiƙar Hajiya ta zo nake ƙyamar kaina fiye da duk abin da na gani cikin littafin nan. Kai da ake girmamawa a Funtua, na sa masu dako sun yi maka suna.

Ban roƙi takardar ba. In ka ga a bar ta, an bar ta, zan gaya wa hedimasta da bakina. Gafararka kawai nake nema, da ta Hajiya.

Ɗiyarka mai laifi,
Suwaibatu


Mairuwa,
26 ga Yuli, 1976

Suwaibatu,

Ni ne kawunki ke magana, Hajiya ke rubutawa. Ina gaida Malam Rabo.

An karanta mani. Na ce a sake, aka sake.

Na sa hannu. Kada ki zaci burge ni kika yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na sa shi a wuya kwana goma, har yanzu ina susa. Rabin boko ya kai ni kasuwar kifi. In na bar ki da rabin nan a gida, gobe takardar asibiti za a kawo maki, ki kashe wani. Ki je ki ƙarasa.

Sharaɗi ɗaya. Duk ranar da malama ta faɗi abin da bai shige ki ba, ki miƙe tsaye ki ce ba ki gane ba, ko ajin duka zai yi dariya. Dariyar aji ba ta kai ta Funtua ba.

Mati zai kai wa hedimasta takardar gobe da safe.

Allah ya yi maki albarka.
Alhaji Barau