Nono ba ya wanke ƙirji

Laraba da dare, Kona.

Mun dawo daga likitar Tasawa, wato asibiti, a gajiye. Yaya Isuhu na kwance, ina jin tarinshi ta katanga.

Lokotoron da ya duba shi ya ɗaga hoton ƙirjinshi, ya tambaye shi shekara nawa yana shan sigari. Yaya ya ce, "Ashirin, amma kullum ina bin ta da nono, yana wanke hayaƙin." Mutumin ya ɗauki biro ya zana mana hanya biyu a takarda: nono ciki yake zuwa, hayaƙi kuma huhu, ba inda suke haɗuwa. Ni da na yi karatun boko a lakwal har koleji ban taɓa tunanin haka ba. Kuma ni na kwaso wa Yaya wannan zancen a tasha tun muna samari.

Ni kuwa tun safe ban kunna ko karan sigari ɗaya ba. Kwalin na jefa shi murhu.

Ɗazu na leƙa Yaya, ya ce, "Sani, ƙaro mini nono, ƙila bai isa ba ne."

Na kai mishi.