Injin Waldar da Ya Fi Ƙarfin Babur Ɗina

Zuwa ga mai girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu walda, tare da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifi, da fatan Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da almajiransa na sana'a, ina neman afuwa bisa kutsowa da na yi da wannan takarda a bainar jama'a. Na zo ofis ban dace ba, na aika ba a amsa ba, shi ya sa alƙalami ya ɗauki abin da baki ya kasa isarwa.

Ni ne Sabo, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi. Ba ni da shago, babur ɗina shi ne shagona. Inda ƙyaure ya ɓalle, ko ƙafar tankin ruwa ta tsage, ko injin markaɗe ya karye, can ake kirana, daga Tarauni har Hotoro. Da daminar bara ƙaramin injin waldata, wanda nake ratayawa a kafaɗa, ya ƙone. Da aka ce ƙungiya za ta samar wa 'ya'yanta injina, sai na ga kamar hadari ya taso wa manomi.

Na farko, ranka ya daɗe, ina kuka da yadda aka yi zaɓen. Ranar da dillali ya kawo samfuri biyu, babba da ƙarami, ba a kunna ko ɗaya ba. An bi al'adarmu ta gado, wato a ɗaga inji a ji nauyinsa, domin mun taso muna jin cewa nauyi shi ne shaidar jan ƙarfe a ciki. Babban sai da mutum biyu suka cicciɓe shi, aka yi ta sa masa albarka. Ƙaramin kuwa wani dattijo ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya tambaya ko rediyo aka kawo mana, zaure ya ɗauki dariya. Na miƙe na ce mu masu yawo ƙaramin muke buƙata, domin yana hawa babur, kuma ƙaramin janareto yana ɗaukarsa. Aka ce in zauna, manya sun riga sun auna. Haka aka sayo babban aka raba mana, har da ni.

Na biyu, ban ce babban inji ba shi da kyau ba. A shago, inda wuta take da ƙarfi, sarki ne. Amma ni aikina yana inda wuta ba ta zuwa sai ta ga dama.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. Akwai wata baiwar Allah a Babban Giji, Inna Talatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata injin markaɗe, da shi take ci da marayu. Ƙafar injin ta karye, kuma a dasa yake cikin siminti, ba ya ciruwa balle a kai shi shago. Tun mijinta yana raye ni nake musu gyara, saboda haka ni ta aika wa. Na ɗauko Adaidaita Sahu, maƙwabta suka taya ni lodin injin ƙungiya. Muka isa babu wuta. Wani tela ya ara mana janaretonsa, ina ɗora sandar walda a kan ƙarfe janareton ya yi tari ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa, har tela ya roƙe ni da girman Allah in ƙyale masa abinsa. Matan unguwa suna tsaye da bokitan jiƙaƙƙen wake da gero, ina kallo suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa wani layin. Inna Talatu ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo mini ruwa a kofi, ta ce, "Malam Sabo, sha, ka yi iya yinka." Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A hanyar komawa waɗannan baitoci suka zo mini:

Ƙarfe na ɗauka don in ɗinke ƙarfe,
Ya danne ni, ya bar marayu a tsaye,
An auna nauyi, ba a auna tafiya ba,
Mai zuwa gida-gida, wa ya tuna da shi?

Yau injin yana soron gidanmu, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Wayata da ta saba kuka tun safe ta yi shiru, domin wanda ya kira ka sau biyu ba ka biya masa buƙata ba, ba zai kira na uku ba. Na ji an ce Inna Talatu tana jira, wai ba za ta ba wani aikin ba tukuna. Wannan jiran nata ya fi injin nauyi a kaina.

Roƙona, Alhaji, a karɓi wannan inji a ba mai shago da zai amfana da shi, a musanya mini da ƙarami. Kuma nan gaba, kafin a ɗaga inji a ji nauyinsa, a tambayi wanda zai ɗauke shi ina za shi da shi. Ina roƙon amsa a rubuce cikin gaggawa, ko da ta ƙin amincewa ce, domin in san abin da zan je in faɗa wa matar nan.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya sa ku gama da mutunci, ya raba ku da ɗaukar nauyin da ba ku da abin ɗora shi.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Sabo mai walda, Gyaɗi-Gyaɗi.