Makullin Gadar Harlsbrück

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Waɗanda Suka Tsallake Gadar Harlsbrück ta samu labarin rasuwar ubanta, Manjo Janar Ottmar von Reddenhagen, tsohon kwamandan rundunar sojan ƙasa, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1967, a ɗan ɗakinsa da ke saman shagon mai gyaran agogo, yana da shekara saba'in da tara.

Marigayin ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha tara, ya baro yatsunsa biyu a ramukan yaƙin duniya na farko, ya yi ta hawa muƙami har ya kai janar a yaƙi na biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya yi wa azzalumar gwamnati aiki shekara goma sha biyu, ya kai 'ya'yan mutane ƙasashen da ba wanda ya gayyace su, kuma bai taɓa neman a wanke shi daga wannan ba. Mu ma ba mu zo wanke shi ba.

Amma akwai yini ɗaya da muke da shaida a kansa. A watan Afrilun 1945, da abokan gaba suka matso, umarni ya zo daga sama cewa a tarwatsa gadar garin nan da tsakar rana, alhali a kanta akwai mata da goyo, da tsofaffi a amalanke, da sojoji masu rauni, wasu dubbai kuma suna layi a bakin kogi. Janar ya tako da ƙafa har wurin sajen da ke riƙe da makullin na'urar tayar da nakiya, ya miƙa masa hannun nan mai yatsu uku, ya ce, "Saje, ba ni abin nan. Je ka taya waccan baabar tura amalankenta, ba ka ga ta maƙale ba?" Ya jefa makullin a aljihu. Bayan kwana huɗu kotun soja ta tuɓe masa muƙami da lambobin yabo, ta yanke masa hukuncin harbi, sai dai yaƙin ya ƙare kafin a samu mai harbin.

Shekara ashirin da biyu ke nan wasu manyan garin nan suna kiransa maci amana, suna sauya hanya idan sun hango shi, suna barin bencin da ya zauna a coci fayau kamar mai cuta. Ya haƙura, mu ma muka haƙura saboda shi. Abin da ya kai mu bango shi ne na wannan makon. Kowa ya san ba a kai hafsa kabari sai wani abokin aikinsa ya wuce gaban akwatin, ɗauke da lambobinsa a kan baƙin matashin kai na karan-miski. Mai ɗakin marigayin, Uwargida Irmtraud von Reddenhagen, dattijuwa mai shekara saba'in da huɗu, ta roƙi Ƙungiyar Tsofaffin Hafsoshi ta yi wa mijinta wannan alfarma ta ƙarshe, don kada ta bi gawarsa babu komai a gaba, gari ya ce ashe dai gaskiya ne maci amana ne. Shugaban ƙungiyar, Kanar Detlof Brunkau mai ritaya, ya tsare ta a bakin ƙofa, ko kujera bai ba ta ba, ya ce, "To Uwargida, me za a ɗora a kai? Ai ba a bar masa ko maɓalli ba."

Wannan rashin kunya ce, kuma mun kira ta da sunanta. Muna tunatar da mai girma Kanar cewa shi ma ta wannan gadar ya tsere, tun da hantsi, a cikin mota, da karensa da dardumansa biyu, yana danna wa masu tafiya da ƙafa oda. Da yawa daga cikinmu mun gan shi, idonmu kuma bai lalace ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Irmtraud, da 'yarsu Malama Wiltrud, da sauran dangi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya san ya yi, ya ba ku juriyar wannan rashi da juriyar bakin mutane.

Uwargida, ki kwantar da hankalinki. Matan ƙungiyarmu sun ɗinka matashin da tsohuwar baƙar rigar sanyi da ɗayarsu ta tsallako da ita ranar. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a ɗauko gawar, a bi da ita ta kan gadar, kuma a kan matashin za a ɗora makullin nan da kika ba mu daga gwangwanin sukarin da ya ajiye shi a ciki. Mai ɗaukarsa ba hafsa ba ne. Ni ne, sajen da aka karɓe shi daga hannunsa, kuma Allah ya sani, da an bar mini shi zuwa tsakar rana, da na murɗa.

Sa hannu:
Egon Paschke
Tsohon saje, Kakakin Ƙungiyar Waɗanda Suka Tsallake Gadar Harlsbrück