Ruwan Bayan Kamfani

Istambul, 3 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Inna Badi'a. Baba, taimako nake nema. Aikin kammala digirina na injiniyan sinadarai a kan ruwan da kamfanonin jimar fata ke saki ne a Challawa. Na haɗa wata 'yar na'urar tace shi, amma Farfesa ya ce sai ya ga ta yi aiki a kan ruwan gaske. Don Allah ku ɗebo min kwalba biyu a lambatun bayan kamfaninku, ku ba Alhaji Usaini, zai zo saro abaya ranar Laraba. In ban miƙa aikin ba kafin ƙarshen Yuni, tallafin karatuna ya ƙare, haka zan dawo ba takarda bayan shekara huɗu.

'Yarku, Mas'uda

Challawa, 7 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Mas'uda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Na ji saƙonki. Ruwa yana hannun Alhaji, na yi masa duk abin da ya kamata. Innarki ta haɗa miki da yaji. Ki gaida malaminki, ki ce mahaifinki yana godiya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Gwadabe

Istambul, 21 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Wane ruwa kuka aiko min? Ruwan da na sani baƙi ne, kare ma kewaye shi yake yi. Wannan kuwa garai-garai, kamar na alwala. An gwada sau uku, gubar da na cika shafi arba'in ina bayaninta kusan babu ita. Farfesa ya cire tabarau ya tambaye ni a gaban ɗalibai ko na taɓa ganin Challawar nan da idona. Ni da aka goya ni a bakin lambatun!

Yanzu zargin ƙirƙirar bayani ake min. Ya ba ni sati uku in kawo shaida, in ba haka ba zai kai ni gaban kwamiti. Na kasa cin abinci, yajin Inna ko buɗe shi ban yi ba. Tsoro nake ji, Baba. Ku gaya min gaskiya, a ina kuka ɗebo?

Mas'uda

Challawa, 2 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Mas'uda,

Bayan gaisuwa. Laifina ne, ki yafe min. A lambatun na ɗebo kamar yadda kika ce. Da na kawo gida na ɗaga kwalba ɗaya a rana, sai kunya ta kama ni. Na ce yaya za a ajiye wannan ƙazanta a teburin babban malami, a ce daga garinsu Mas'uda ta fito? Baƙo ma ba a ba shi ruwa sai an tace. Sai na jefa alam ya kwanta, na tace a tsumma har sau huɗu, na juye a sababbin kwalabe. Wallahi ni a ganina mutunci nake saya miki.

Da wasiƙarki ta zo na koma lambatun, na tarar ruwan sama ya wanke shi. Sai na shiga cikin kamfani, bakin bututun da gangunan jima suke zubarwa, na cika kwalba uku. Mai gadi ya gan ni. Manaja ya tambayi inda zan kai, ban iya yi masa ƙarya ba. Ya karɓi katina na shiga, ya ce kada in sake zuwa. Shekara ashirin da shida ina juya gangar nan, dama gwiwata ta gaji.

Innarki ta ce in ɓoye miki. Ɓoyewa ce ta kai mu nan, shi ya sa na faɗa. Kwalaben suna wurin Alhaji, zai sake zuwa sari, na naɗe su da leda biyar. Ban taɓa su da komai ba. In sun yi wari, ki ce mahaifinki ne ya aiko.

Mahaifinki, Gwadabe

Istambul, 12 ga Yuni

Baba,

Sun iso. Da aka buɗe ta farko kowa ya toshe hanci ya yi waje, har Farfesa. Da awo ya fito ya dawo ya ba ni haƙuri, ya sa hannu a aikina.

Ni kaɗai ban fita ba. Na tsaya ina kuka, domin warin rigarku ne in kun dawo daga aiki kun ɗauke ni.

Kada Inna ta yar da rigar nan. Ina zuwa da takardar.

'Yarku, Mas'uda