Araba ta Ranar Talata

Talata, 3 ga Maris
Yau ba mai shiga teku, kamar kowace Talata. Papa ya zube mini yagaggen taru a bayan duwatsu, wai in ɗinke. Ni Ebo, da na ƙi jinin ƙarnin kifi! Kwana nawa ne dai, Kawu Kwamena zai tafi da ni Kumasi koyon gyaran mota, in huta.

Ina cikin mita sai na ji an ce, “Wannan ƙulli ne ko wasan yara?” Yarinya ce a kan dutse, sa'ata, tana taje gashi da ƙayar kifi. Daga ƙugu zuwa ƙasa wutsiya ce shuɗiya, sai ƙyalli take. 'Yar ruwa!

Laraba, 4 ga Maris
Na zuba gishiri a koko. Nana ta ce, “Jikana, wa ya tafi da hankalinka?”

Talata, 10 ga Maris
Ta dawo! Wai Talata kaɗai 'yan ruwa suke leƙowa, don ranar ba taru a ruwa. Sunanta da kumfa ake faɗinsa. Na gwada, ta yi ta dariya har ta sulluɓe daga dutsen. Na ce tunda Talata ta ɓullo, Araba ce, kamar kowace macen da aka haifa ranar Talata a garinmu. Ta maimaita sunan a hankali. Wayyo ni!

Na ba ta dokunu, tuwon masararmu mai tsami, da barkono. Ta yi atishawa, ta ce mutanen tudu ba su da hankali, sannan ta miƙo hannu in ƙara.

Asabar, 14 ga Maris
Kawu ya aiko, ranar 24 za mu tafi. Talata ce, don Papa ya samu raka ni tasha. Ya kamata in yi murna.

Talata, 17 ga Maris
Ta kama yatsuna ta nuna mini irin ƙullinsu, kafin azahar tarun ya haɗu tsaf. Hannunta sanyi ƙalau. Da na gaya mata zancen tafiya ta ce, “Kumasin akwai teku?” Na ce babu. Ta daɗe tana kallon wutsiyarta. “To, ka gai da motocin.” Ta nutse ko sallama babu.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Litinin, 23 ga Maris
Na gaya wa Papa ba zan bar aiki rabi ba, tarun ya sake yagewa. Ya ɗaga shi, ya dubi yankan, ya dube ni. “Ikon Allah! Ɓerayen garin nan har wuƙa gare su.” Nana ta ƙware da dariya. An dai aika wa Kawu ya nemi wani yaron.

Ba don kowa ba ne, aiki ne kawai. Jan matsefin da na saya ma tsautsayi ne. Na dai ce wa Nana ta rage barkono a dokunun gobe.